Bakwai Sau Takwas

Abu biyu na fito da su daga kwalejin horon malamai, ban da kwalin da aka ba ni da ɗan banzan girman kai. Na farko labarin wani kare ne da ake kaɗa wa ƙararrawa kafin a ba shi abinci, har ta kai in ya ji ƙararrawar kawai sai miyau ya zubo masa. Malamin da ya koya mana wannan ya ce yaro ma haka yake. Abin da ka bi da lada zai ƙaru, abin da ka bi da horo zai mutu, amma da sharaɗin kada ka sassauta ko sau ɗaya, kada kuma ka ware wani ka ce ban da shi. Na biyu shi ne, kaifin ƙwaƙwalwa da shi ake haihuwar mutum, ana iya auna shi, kuma mai shi da saurin amsa ake gane shi. Na tabbata malamanmu sun faɗi wasu abubuwan ban da waɗannan, don littafin da kauri yake. Ni dai biyun nan na haddace, da su na ci jarrabawa, su kuma na ɗaura a bayan keke na shiga da su ƙauyen da aka tura ni, can gefen Sarandosa.

Ɗan Jega ne ni, a bakin kasuwa na tashi, inda duk wanda aka jefa wa magana bai mayar nan take ba sai ya wuni ana yi masa dariya. Saboda haka da littafi ya ce mai kai shi ne mai sauri, ban ga abin musu ba. Aka ba ni aji huɗu. A makon farko na yi musu gwaji, na jera su benci-benci. Na gaba su ne masu kai, na tsakiya masu dama-dama, na baya kuwa na sa musu suna 'yan rakiya, wato sun rako wasu ne kawai. Da bakina na sa sunan nan, ina jin daɗin iya maganata. Yara suka ɗauka, kafin wata ya mutu har iyayensu mata sun san shi. In na yi tambaya sai in buga tsumagiya a kan tebur sau uku. Wanda bai amsa ba kafin bugu na uku ya faɗi, sai ya tashi tsaye ya jira.

Abin da yake jira wata al'ada ce da na tarar a makarantar. Ba ni na ƙirƙiro ta ba, mu ma an yi mana ita muna yara. Wanda ya ci tambaya shi ke marin duk waɗanda suka faɗi. Tsofaffin malamai suna yin ta ne don haka suka tashi suka gani, ni kuwa sai na samo mata hujja a littafi. Na ce ai ga lada ga horo a mari ɗaya, wanda ya ci ya ji daɗi, wanda ya faɗi ya ji zafi, ba a yi asarar komai ba.

Hedimastanmu wani dattijo ne mai fama da ciwon gwiwa, wanda nake yi wa kallon aikin ya wuce shi. Wata rana ya kira ni gindin dogonyaron da yake zama, ya ce ya ji ina aiki da marin nan, ba kuma zai hana ni ba, amma akwai abu ɗaya da ba a yi. In 'yan gida ɗaya suka haɗu a aji, ba a sa ƙane ya mari wa. Ya ce ko malamansu na da, waɗanda suka fi kowa mugun hannu, in abin ya zo kan haka sai su karɓi marin su yi da kansu, ko su yi kamar ba su gani ba. Na ce to, Malam, na ji. A raina kuwa cewa na yi, wannan shi ne ainihin sassaucin da aka ce yana ɓata aiki. Tsoho bai karanta labarin kare ba, me zai sani?

Ina da irin waɗannan a ajina, wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya. Ƙaramin bai wuce shekara tara ba, kafin ka rufe baki ya ba ka amsa, a bencin gaba yake. Babban ya kai goma sha uku. An makara wajen sa shi, don shekarun da ya kamata ya fara yana can fadama yana taya ubansu ban ruwan albasa. Shi da kansa ya matsa sai da aka rubuta shi, ya zauna aji ɗaya da yaran da ya goya, bai ji kunya ba. Kowa a garin ya san sharaɗin da uban ya gindaya a wannan shekarar. In malami ya ce yaron yana da kai, a bar shi ya ci gaba har inda Allah ya nufa. In ya ce babu, kafin a zuba irin albasa ya koma fadama, don uban shi kaɗai ne a gonar, kuma baya ya fara ba shi wahala. Ni ne malamin, kuma na san da maganar tun ranar da na buɗe rajista.

Babban dogo ne, mai shiru. Shi ke fara zuwa da safe, riƙe da hannun ƙanensa, kafin in iso ya share ajin ya goge allo. Guntayen allin da na jefar shi ke tsince su, aka ce mini bangon zaurensu duk ya cika shi da rubutu. Rubutunsa ya fi na kowa kyau, har da nawa in za a faɗi gaskiya. Amma da na jefa masa tambaya sai ya sunkuyar da kai, leɓɓansa su fara motsi, yatsunsa su dinga tafiya a kan benci kamar mai dashe. Bugu ɗaya, biyu, uku, shiru. Ya tashi tsaye. Ƙananan da za su mare shi sai sun hau benci suke kai wa ga kuncinsa, aji ya yi ta dariya, ni ma in taya su. Ko ƙifta ido ba ya yi.

Wata rana lokacin hutun tara, na zagaya bayan aji na same shi tsugune shi kaɗai. Ya jera tsakuwa layi-layi a ƙasa, irin yadda ake jera dashen albasa a fangalin fadama. Ya ƙirga daga wannan gefen, sai ya tashi ya zagaya ya tsuguna ta ɗaya gefen ya sake ƙirgawa. Da ya gan ni fuskarsa ta washe, abin da ban taɓa gani ba, ya fara ce mini wai ya gano wani abu, in ka tsaya nan layi bakwai ne, in ka tsaya can kuma layi takwas. Ban bari ya gama ba. Na ce ƙato kamarsa, maimakon ya zauna ya haddace jadawalin sau, ya zo yana wasan tsakuwa. Na sa ƙafa na watsa su. Ya tashi ya karkaɗe gwiwarsa ya koma aji.

Akwai abin da na lura da shi yana ci mini rai. Duk lokacin da babban ke tsaye, ƙaramin ba ya ɗaga hannu. Yaron da ba ya iya haɗiye amsa, sai ka ga ya duƙufa yana neman wani abu a cikin jakarsa. Na gane sarai abin da yake yi. Da ina da hankali da na yi kamar ban gani ba, don yaro ɗan shekara tara ya fi ni sanin abin da ya dace. Ni kuwa sai na ɗauke shi a matsayin raini, wai suna yi wa tsarina zagon ƙasa. Na ƙudura sai na gyara musu zama.

Ranar da abin ya faru bazara ce, ajin ya ɗau zafi, kwanon rufin sai ƙara yake yi. Muna lissafi. Na tsallake kowa na nufi bencin baya, na ce da babban, bakwai sau takwas. Yatsunsa suka fara tafiya. Na buga ɗaya, na buga biyu, na buga uku, kuma na san na ɗan gaggauta bugun. Ya tashi tsaye. Hannuwa suka tashi a gaba, ban kalli ko ɗaya ba, na nuna ƙaramin. Ya ce bai sani ba. Na ce ƙarya yake yi, jiya ma ya faɗa, in kuma bai faɗa ba yau tsumagiya za ta ƙare a jikinsa. Ina cikin wannan zare idon sai na ji murya daga baya, a hankali.

"Hamsin da shida."

Babban ne. Na ji shi da kunnena, 'yan bencinsa ma sun ji, don duk sun juya sun kalle shi. Wannan shi ne abin da na daɗe ban gaya wa kowa ba. Ban ko juya ba na ce lokaci ya wuce. Na sake ɗaga wa ƙaramin tsumagiya, ya maimaita amsar yana kuka, na ce to ya je ya karɓi ladansa.

Ya tafi yana jan ƙafa, ya tsaya gaban wansa, hannuwansa a baya. Na daka masa tsawa. Ya hau benci ya shafi kuncin da yatsu biyu ya sauko. To dokar ita ce, wanda ya yi mari mai sanyi malami ke nuna masa yadda ake yi, a kan nasa kuncin. Na nuna masa. Yaron ya yi taga-taga ya dafa bango. Na ɗaga hannu zan ƙara sai babban ya ce, "Mallam, bar shi." Ya fito daga benci, ya durƙusa a ƙasa don kada ƙanen ya sake hawa, ya miƙa masa fuska.

"Taho," ya ce da shi. "Yi da ƙarfi mu huta."

Ya yi da ƙarfi. Ba wanda ya yi dariya. Ajin da ke cika da shewa in an yi mari, ranar ko tari ban ji ba. Na koma gaban allo na ci gaba da takwas sau takwas, ina gaya wa kaina ai aiki ne, gyara ba ya daɗi.

Kafin azahar hedimasta ya ji. Bai yi mini faɗa ba, da ya yi da na fi jin sauƙi, don ina da amsoshina a shirye. Ya dube ni kawai ya ce na yi abin da ba a yi. Na fara kawo masa maganar littafi, cewa doka in ta ware wani ta lalace. Ya tashi da ƙyar, ya dafa sandarsa, ya bar ni a tsaye ina bayani. Ya fi mako yana amsa gaisuwata da kai.

Labarin ya zagaye gari. Sa'o'in babban da ba sa makaranta suka samu abin tsokana, ko'ina ya gifta sai a ce ga wanda ƙanensa ya mara. A garin nan ƙane ko sunan wansa ba ya kira gatsau, balle ya ɗaga masa hannu a gaban mutane. Suka daina zuwa tare. Ƙaramin ya riƙa zuwa shi kaɗai, ya zauna a gabana yana kallon ƙasa. Babban bai daina zuwa ba, amma ya daina shara, guntayen alli suka taru a gindin allo ba mai tsincewa. In na tambaye shi, yatsun nan ba sa motsi kuma. Tun kafin bugu na farko yake miƙewa tsaye ya jira mari. Ni kuwa, Allah Ya yafe mini, sai na ce ka gani ko, ai da ma na faɗa, babu komai a kan.

Jarrabawar ƙarshen shekara ta zo. Da na zo kan takardarsa ta lissafi na ga rabin tambayoyin kawai ya kai ga yi kafin in karɓe. Rabin nan kuwa babu kuskure ko ɗaya, ga aikin a jere tsaf, ana ganin yadda ya bi ya iso. 'Yan bencin gaba sun gama duka, da kurakuransu. Na daɗe ina kallon takardar. Sai na ce ai lokaci ma yana cikin abin da ake aunawa, na ba shi makinsa, ya fito can kusa da ƙarshe.

Ranar da aka ba da hutu, da la'asar, uban ya zo masaukina. Ya ɗauro mini albasa a bayan keke, daga wadda ya adana tun rani, a lokacin da albasa ke da daraja. Ya bar babban a ƙofar zaure riƙe da keken, ya shigo ya tsuguna, duk da ya girme ni nesa ba kusa ba. Muka gaisa, ya tambayi mutanen Jega, sannan ya zo kan abin da ya kawo shi.

"Mallam, ni ban san boko ba, kai kas sani. Yaron ga, shina da kai ko ba shi da?"

Da na ce a ƙara masa shekara ɗaya, da ya ƙara. A fuskarsa na ga haka, so yake a ba shi dalilin da zai daure da ciwon bayan. Amma an tambaye ni abin da na karanta, ga dattijo tsugune yana jiran ilimina, sai bakin nan nawa ya buɗe. Na ce masa kai da shi ake haihuwar mutum, gadonsa ake yi, malami ba ya sa shi inda babu. Don ya gane, na kawo masa misali da sana'arsa, na ce in iri ba shi da kyau, ko taki nawa ka zuba ba zai yi kai ba. Na ce ƙaramin iri ne mai kyau, a riƙe shi da kyau. Babban kuwa yaro ne mai ladabi, mai ƙarfi, gona za ta ji daɗinsa. Manomin albasa ba ya musu da maganar iri. Ya yi ta gyaɗa kai.

"To, ni yag gado ke nan," ya ce. "Ƙanen ya biyo dangin uwassu."

Na yi dariya, na ce haka Allah ke rabonsa. Zauren ba shi da ƙyaure, tsakaninmu da yaron bai fi taku biyar ba. Da suka tashi tafiya shi ya kwance albasar ya shigo da ita, ya ajiye a gabana, ya rusuna ya ce a huta lafiya. Da aka dawo hutu ba ya cikin aji biyar. Albasar kuwa na ci, har na aika wa mahaifiyata saura.

Shekara biyu bayan haka aka ɗauke ni daga garin. Na koyar a Maiyama, na koyar a Gumbin Kure, tsumagiyata da bugu ukuna suna biye da ni, kowane aji da 'yan rakiyarsa. Sai wata shekara aka tara mu bita a Jega. Mai koyarwar wata malama ce 'yar siririya mai tabarau, muka raina ta tun daga ƙofa. Ko gaisuwa ba ta gama ba ta ce, goma sha bakwai sau goma sha uku, ta buga rula a tebur sau uku, ta ce duk wanda bai samu amsa ba ya tashi tsaye. Muka tashi, maza masu gemu, ɗakin gaba ɗaya. Ta tambaye mu me kanmu yake yi lokacin da take bugun. Ni dai na san nawa, bugun yake ƙirgawa. Ta ce mu zauna, kowa ya nemi amsar yadda ya ga dama, ba mai koro shi. Wani ya zana layuka, wani ya rarraba lambobin, kowa ya samu.

Daga nan ta shiga bayani. Ta ce yaro da hannu da ido yake fara tunani kafin ya iya yin sa a ka kawai, kuma wanda ke taɓa abu yana jerawa ba wasa yake yi ba. Ta ce sauri daban, zurfi daban. Tsoro yana sa yaro ya motsa yau, amma yana kashe masa sha'awar abin, sha'awar nan kuma ita ce ke riƙe mutum a karatu in malami ba ya nan. Ta ce yaro yana karanta abin da malami ya ɗauke shi a idon malamin, ya kuma zama shi. Raina ya ɓaci. Na miƙe na ce wannan maganar ɗakin taro ce, ta zo ƙauye ta ga aji cike maƙil sannan ta gaya mana wa ke da lokacin jiran kowa. Na ce mu ma da duka aka koya mana, ga shi mun zama mutane. Aka tafa mini. Ta bari tafin ya lafa, sannan ta ce in gaya mata, waɗanda aka doka tare da ni ba su zo wannan ɗakin ba, suna ina. Ni ɗan bakin kasuwa, yau an kayar da ni da magana. Na zauna.

A hanyar komawa, ina kan babur, tsakuwar nan ta faɗo mini. Layi bakwai ta nan, layi takwas ta can. Sai da na tsaya a gefen titi. Yaron nan ya gano da kansa cewa bakwai sau takwas da takwas sau bakwai abu ɗaya ne, ya kuma ga dalilin da idonsa. Ni haddace shi aka sa na yi, har na fara koyarwa ban taɓa tambayar me ya sa ba. Ya zo da shi da murna zai nuna mini, na sa ƙafa. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, sai kuma haushin kaina, na rasa wanda zan sauke wa.

Na canja, ba zan ce ban canja ba. Na rushe bencin gaba da na baya, na hana mari a ajina, na koyi rufe bakina in na yi tambaya, wanda shi ya fi komai yi mini wuya. Waliyyi dai ban zama ba, har yau in raina ya ɓaci ana jiyo ni daga bakin titi. Amma ban je na nemi yaron ba. Garin ba nisa gare shi ba, rabin wuni ya isa. Kullum sai in ce sai an yi hutu. Tsoro ne kawai, ba wani abu ba.

Bara waccan, bayan shekaru masu yawa, aka mayar da ni garin a matsayin hedimasta. Tsohon hedimastan nan ya daɗe da rasuwa, dogonyaronsa na nan. Kafin a buɗe makaranta mukan bi gida-gida muna rubuta yaran da suka isa shiga. A nan na ji labarin 'yan gidan. Uban ya rasu. Ƙaramin ya yi karatu har jami'a a Aliero, da gumin wansa, yana aiki a birni, sai sallah yake zuwa, ya gaisa ya juya a ranar. Babban yana nan a gidan, da iyalinsa. Na bar gidansa sai ƙarshe.

Da hantsi na same shi a bayan gida, gaban rudu, rumfar kara da ciyawa da suke adana albasa a ciki. Yana fito da ita yana ware wadda ta fara ruɓewa. Ba ya ko dubawa, da ya ɗaga ya ji nauyinta a hannu ya san inda zai jefa ta. Furfura ta fara fito masa a gemu. Gefensa wata yarinya ce 'yar shekara bakwai, tana jera masu kyau layi-layi a kan buhu, leɓɓanta suna motsi. Da ya gan ni ya watsar da abin da ke hannunsa, ya rusuna har ƙasa, ya aika aka kawo tabarma da fura. Na yi ta neman fushi a fuskarsa, wallahi da na samu da na ji sanyi. Babu. Murna yake yi malaminsa ya zo gidansa.

Na buɗe rajista na ce yarinyar nan na zo rubutawa. Ya yi ɗan murmushi, irin na mai jin nauyin ƙin abin da babba ya nema.

"Mallam, ba sai an wahal da ku ba. Kai kac ce ma Baba kai gadonshi ake yi. Ni ban da shi, ina za ta samo shi?"

Na ce kuskure na yi. Na faɗa masa da baki, ban kewaya ba. Na ce abin da na gaya wa mahaifinsa ba gaskiya ba ne, ban san abin da nake faɗa ba, yaro ne ni mai ɗanyen kai da guntun karatu. Na tuna masa tsakuwar, na gaya masa abin da ya gano, na ce takardarsa ta jarrabawa babu kuskure ko ɗaya a cikin abin da ya yi. Ya saurara da ladabi yana gyaɗa kai, yadda ubansa ya yi. Na gane bai yarda ba. Ɗauka ya yi an ce mu cika rajista ne, ko kuma tsufa ya sa ni tausayi. Sai na fito da abin da na ɓoye shekaru.

"Ranar nan ka faɗi hamsin da shida. Na ji ka."

"Ai lokaci ya wuce, Mallam," ya ce. "Kai kac ce. Kuma da gaskiyarka, sauran duk sun riga ni."

Na ce ya yi wa Allah ya ba ni yarinyar shekara ɗaya kawai, ba mai taɓa ta, ni zan tsaya a kanta. Ya juya ya dube ta. Ta gama layi, ta tashi ta zagaya ɗaya gefen buhun ta tsuguna. Yana kallonta ya yi magana, muryarsa ƙasa-ƙasa don kada ta ji.

"Ba ni son ta tai rakiya, Mallam. Ni na yi, ta isa."

Na rufe rajistar. Ya raka ni har inda na ajiye babur, ya ɗaura mini albasa a baya, ya ja igiyar ya gwada ko ta ɗauru. Na ce ya bar ta, ya ce haba, malaminsa guda. Na koma gidan sau huɗu tun daga ranar, na aika liman, na aika mai unguwa. Kullum tabarma, kullum fura, kullum albasa a bayan babur. Da rani yarinyar takan wuce ta gefen makaranta da kwanon abincin ubanta a ka, za ta fadama, in ta zo saitin tagar aji ɗaya sai ta rage tafiya. Bana ta shiga shekara tara, har yanzu ba a rubuta ta ba.